Robar Kare Haƙora a Wasannin Matasa: Dalilan da Ke Sa a Saka Ta ko a Ƙi

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Takur ko Garu ko Limawa bayan sallar la'asar zai iske matasa sun cika filayen unguwa suna buga ƙwallon ƙafa. Haka abin yake a ƙauyukan Kudai da Madobi da Sakwaya, da garuruwan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. In kaka ta yi aka kawar da amfanin gona, sai a ƙara da dambe da kokawa da langa. Wannan abin farin ciki ne, domin wasa yana gina jiki, yana kuma raba matashi da zaman banza. Sai dai akwai wani rauni guda da ake yawan samu a waɗannan filaye wanda ba kasafai ake ɗaukarsa da muhimmanci ba, wato karyewar haƙori ko ficewarsa. Mun tanadi wannan bayani ne domin iyaye da malaman makaranta da masu horar da 'yan wasa da masu unguwanni da dagatai da jami'an wasanni na ƙananan hukumomi, a kan wata 'yar roba da ake sakawa a baki domin kare haƙora, da kuma dalilan da ke sa matashi ya yarda ya saka ta ko ya jefa ta a aljihu.

Darajar haƙori

Fata in ta tsage takan haɗe, ƙashi in ya karye mai ɗori yakan ɗora shi, amma haƙorin da ya fito bayan famfara ba shi da magaji. Haƙoran gaba na sama sukan fito ne yaro yana ɗan shekara 7 zuwa 8, kafin ya kai shekara 13 kuma kusan dukkan haƙoransa na dindindin sun kammala fitowa, ban da huɗu na can ƙurya waɗanda ke zuwa daga baya su cika 32. Ke nan matashi ɗan shekara 14 da ke tsalle domin sa wa ƙwallo kai yana ɗauke ne da haƙoran da zai ci tuwo da su har tsufansa. Haƙoran gaba biyu na sama su ne suka fi samun rauni, kuma yaron da haƙoransa suka turo waje, wanda leɓensa ba ya rufe su sosai, haɗarinsa ya ninka na sauran yara.

Magabata ba su raina haƙori ba. A fiƙihun Malikiyya da muke bi a wannan ƙasa, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Risala ta Ibn Abi Zaid, diyyar haƙori guda raƙuma 5 ce, alhali diyyar rai raƙuma 100 ce. Wanda ya san kuɗin raƙumi guda a kasuwar Maigatari zai gane nauyin abin da yaro ke tofarwa a ƙasa ya ci gaba da wasa kamar ba a yi komai ba. Mu Hausawa muna yaba wushirya, amma ba mu taɓa jin an yabi giɓi ba. Giɓi yana canza furucin mutum, abin da ke da nauyi ga mai karatun Alƙur'ani, yana kuma sa saurayi ko budurwa rufe baki a cikin jama'a. Dashen haƙori na zamani kuwa yana da tsada ƙwarai, likitoci ba sa yin sa sai muƙamuƙi ya gama girma, wato bayan shekara 18 ko fiye.

Mene ne wannan roba

Roba ce mai taushi da aka lanƙwasa daidai da jerin haƙoran sama, kaurinta wajen milimita 3 zuwa 4. Aikinta shi ne idan naushi ko gwiwar hannu ko kan abokin wasa ya sami baki, sai ta shanye wani ɓangare na ƙarfin bugun, ta rarraba sauran a kan haƙora da yawa maimakon ya sauka a kan guda ɗaya. Tana hana haƙoran sama da na ƙasa karo da juna, tana kuma hana haƙori huda leɓe ko datse harshe.

Iri uku ce. Akwai wadda ake saye a saka yadda take, ita ce mafi araha kuma mafi rashin amfani, domin ba ta zama a baki sai an cije ta. Akwai wadda ake tsomawa a ruwan zafi ta yi laushi sannan a cije ta ɗauki siffar haƙoran mai ita, wannan ita ce aka fi samu a shagunan kayan wasanni. Sai ta uku wadda likitan haƙori ke auna bakin mutum ya ƙera masa tasa shi kaɗai, ita ce ta fi kama baki, ta fi kariya, ta kuma fi tsada.

Asalinta daga damben Turawa ne. Wani likitan haƙori a birnin Landan mai suna Woolf Krause shi ne ya fara yi wa 'yan dambe irinta wajen shekarar 1890, domin hana tsagewar leɓe. Da farko an ɗauke ta a matsayin ha'inci, har aka taɓa tayar da jayayya a kanta a wasan Ted Lewis da Jack Britton a 1921. Abin da ya sauya ra'ayin jama'a shi ne wasan da aka yi a 1927 tsakanin Mike McTigue da Jack Sharkey a Amurka. McTigue ne ke kan gaba, sai haƙorinsa ya yanka masa leɓe, jini ya ƙi tsayawa, aka tsayar da wasa aka ba abokin karawarsa nasara. Daga nan 'yan dambe suka rungume ta. Abin lura a nan shi ne, ba tsoron giɓi ne ya sa suka karɓe ta ba, tsoron faɗuwa wasa ne.

Game da amfaninta, wani nazari da aka wallafa a 2007 wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa ya nuna cewa haɗarin raunin baki ga wanda bai saka ta ba ya kai ninki 1.6 zuwa 1.9 na wanda ya saka. Amma kada a ɗora mata abin da ba nata ba. Garkuwar haƙori da leɓe ce, ba ta hana mutum suma ko jijjigar ƙwaƙwalwa in an buge shi a ka. Yaron da ya faɗi ya gigice, ko ya yi amai, ko ya kasa tuna abin da ya faru, a fitar da shi daga wasa a kai shi asibiti, da roba a bakinsa ko babu.

Dalilan da ke sa matashi ya ƙi sakawa

Akwai waɗanda ba su taɓa ganin ta ba, musamman a karkara, wannan kuwa ba laifinsu ba ne. Akwai kuma batun kuɗi da nisa, domin yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi ba zai fara da sayen robar baki ba. Waɗannan dalilai biyu a bayyane suke. Abin da ya fi buƙatar tunani shi ne yadda matashin da ya san ta, ya san amfaninta, har ma an ba shi ita kyauta, yake ƙin sakawa. An ga haka a ƙasashe masu arziki inda kowane kanti ke sayar da ita, saboda haka ba talauci ne kaɗai ba.

Dalili na farko shi ne takura. Matasa kan ce tana hana su numfashi, tana hana su kiran abokin wasa ya ba su ƙwallo, tana tara musu yawu ko ta busar musu da baki, wasu kuma ta tayar musu da zuciya. Ba ƙarya suke yi ba, kuma kuskure ne babba ya ce musu raki ne. Sai dai galibin wannan ƙorafi ya shafi robar da ba ta dace da baki ba ce. Wadda sai an cije ta take tsayawa dole ta hana numfashi, domin mai gudu yana buƙatar buɗe baki. Wadda ta kama haƙoran sama da kanta ba ta rage iskar da ɗan wasa ke shaƙa ta yadda zai cutu, bincike a kan 'yan wasa ya tabbatar da haka. A zafin bazara na Dutse, lokacin da ma'aunin zafi ke kai wa 40, yaron da aka ba roba mai girma fiye da bakinsa ba zai yi minti goma da ita ba. Wasu sukan sa reza su yanke bayanta har ta zama 'yar guntuwa, su rage takura, amma su rage kariyar tare da ita.

Dalili na biyu ya fi ƙarfi, shi ne idon tsara. Matashi ya fi tsoron dariyar abokansa a kan ciwo. In shi kaɗai ne ya saka a cikin 'yan wasa 22, to ya zama abin nuni, a ce masa matsoraci ko ɗan gata, wata ƙila a laƙaba masa sunan da zai bi shi har girma. Wannan ya fi tsanani a fagen dambe. Dambe wasa ne da aka gina a kan nuna rashin tsoro. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa da zare, ya yi kirari, makaɗa su zuga shi da kalangu, ya shiga fili ya yi turmi uku yana neman ya kai abokin karawarsa ƙasa. Matasan da ke tasowa a ɓangaren Kudu ko Arewa ko Guramada sun ji labarin su Shago da waƙoƙin Ɗan Anace, ba su ji an ce wani gwarzo ya toshe bakinsa da roba ba. A wurin wasunsu ma giɓi shaida ce ta cewa an sha gwagwarmaya. Gaya wa irin wannan matashi cewa zai ji ciwo ba ya hana shi, domin jure ciwon shi ne abin da ya zo nunawa.

Akwai kuma wanda ke ganin laya da guru da maganin da aka ba shi sun wadatar. Ba za mu tsawaita a nan ba, illa mu tuna cewa malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi.

Dalili na uku ɗabi'a ce ta ƙuruciya a ko'ina cikin duniya. Matashi ya san haƙori na karyewa, amma yana ganin na wani ne zai karye. Ya yi shekara biyar yana wasa bai taɓa samun rauni ba, sai ya ɗauki hakan hujja. Ɗan ƙwallon ƙafa ma yana da ƙarin hujja, domin dokokin ƙwallon ƙafa na duniya sun wajabta abin kare ƙwauri amma ba su wajabta robar baki ba, an dai halatta ta ga mai so. Ba ya ganin taurarin da yake kallo a gidan kallon ƙwallo suna sakawa. Alhali mai tsaron gida da ke faɗawa ƙafafun 'yan gaba, da ɗan baya da ke tsalle tare da abokin hamayya, suna cikin haɗari na gaske, balle a filayenmu masu tauri da tsakuwa. Da yawa daga waɗanda ke da robar ma sukan ajiye ta sai ranar gasa, su yi atisaye ba tare da ita ba, ga shi kuwa kwanakin atisaye sun ninka na gasa sau da yawa.

Dalilan da ke sa ya saka

Mafi yawan waɗanda ke sakawa da son ransu sun taɓa samun rauni ne, ko sun ga an kwashi abokinsu jini na zuba. Wannan darasi ne mai tsada, ba ma fatan kowane yaro ya koya ta wannan hanya.

Wasu kuma koyi suke yi. Matashin da ke kallon Anthony Joshua, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012, ko Kamaru Usman da Israel Adesanya, ko Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar wanda ya ci azurfa a takwando a Olamfik ta 2016, zai ga babu ɗayansu da ke shiga fili ba roba a baki, kuma babu mai ce musu matsorata. Mai horarwa mai hikima yakan yi amfani da wannan. Haka nan idan babban ɗan damben gari ko kyaftin ɗin ƙungiya ya saka, ƙananan za su bi shi ba tare da an yi musu wa'azi ba.

Amma abin da tarihi ya nuna ya fi kowane tasiri shi ne doka. A Amurka an wajabta ta ga ɗaliban sakandare masu buga irin ƙwallonsu ta ture-ture a 1962, sannan ga ɗaliban jami'a a 1973. A ƙasar Niyu Zilan an wajabta ta ga 'yan ƙwallon zari-ruga 'yan ƙasa da shekara 19 a 1997, aka faɗaɗa dokar ga kowa a 1998, kuma tsakanin 1995 da 2003 neman diyyar raunin haƙori a wannan wasa ya ragu da kashi 43 cikin 100. A ƙasar Ayalan hukumar wasannin gargajiyarsu ta wajabta ta ga yara masu buga ƙwallonsu ta gargajiya daga farkon 2013, ga manya kuma daga 2014, da sharaɗin cewa wanda bai saka ba ba zai yi wasa ba. Wannan misali na ƙarshe ya fi kusa da mu, tun da wasa ne na gado kamar dambenmu, masu shi ne kuma suka gyara abinsu da kansu.

A ganinmu sirrin doka a nan ba tsoron hukunci ba ne. Doka tana ɗauke wa matashi kunya. In alƙalin wasa ya ce kowa sai ya saka, babu wanda za a nuna da yatsa, yaron da dama yana so amma yana jin nauyin abokansa ya sami mafaka. Shi ya sa ɗan damben zamani da ɗan takwando ba sa gardama a kanta, domin sun san ba za a bar su su fafata ba sai da ita. Matashinmu da ke fatan wakiltar Jihar Jigawa a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, ko a gasar matasa ta ƙasa, gara ya saba da ita tun a gida, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya rataya a wuyan shugabanni

Daga abin da ya gabata za a ga cewa zaɓin da ake cewa na matashi ne, a haƙiƙa manya ne ke yanke shi. Shugaban makaranta da ke shirya gasar gidaje, da jami'in wasanni na ƙaramar hukuma, da kansila ko ɗan kasuwa da ke sa kofi, da sarkin dambe da ke kafa fili a ranar kasuwa, kowannensu yana da ikon sa sharaɗi. Wanda ya iya sayen riguna 22 da kofi zai iya haɗawa da robar baki, aƙalla ga masu tsaron gida da 'yan baya, ga 'yan dambe kuwa kowa da kowa. A fara da ƙananan yara 'yan shekara 10 zuwa 12, waɗanda ba su riga sun ɗauki abin a matsayin raini ba. A fagen dambe kuma kada a aiko da umarni daga ofis kawai, a zauna da sarakunan dambe da tsofaffin 'yan wasa, su ne suka san yawan waɗanda suka bar haƙoransu a fili, maganarsu ce kuma matasa ke ji.

Sharaɗi ba zai ɗore ba in robar ba ta zauna a baki ba, don haka a koya wa yara yadda ake daidaita ta. A tafasa ruwa a sauke, a tsoma robar na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwalinta, yawanci bai wuce minti ɗaya ba. A tsame ta da cokali, a ɗan tsoma a ruwan sanyi don kada ta ƙona dasashi, a ɗora a haƙoran sama, a danna da yatsu ta waje, a tsotse iska, a cije a hankali. Kada a cije da ƙarfi har ta huje, domin kaurinta shi ne amfaninta. Daga nan a sa ta a ruwan sanyi ta sandare. In mutum ya buɗe baki ya yi magana ba ta faɗo ba, ta yi daidai, in ta faɗo a sake.

Akwai wani kuskure da ake iya faɗawa saboda neman sauƙi, wato a sayi guda biyu ko uku ƙungiya ta riƙa karɓa-karɓa. Wannan haɗari ne. Robar tana taɓa yawu da jini, ana iya ɗaukar cututtuka ta hanyarta, har da ciwon hanta. Kowa da tasa. A wanke ta da sabulu da ruwan sanyi bayan wasa, a shanya a inuwa, a ajiye a ɗan gwangwani mai huji. Kada a bar ta a rana ko kusa da injin babur, zafi na lanƙwasa ta. Tun da bakin matashi yana kan girma, a sauya ta duk shekara, ko da zarar ta yage ko ta saki.

Idan haƙori ya fita

Ko an saka roba ko ba a saka ba, ya kamata kowane malamin wasanni da mai horarwa ya san wannan, domin mutane da yawa ba su san ana iya mayar da haƙorin da ya fice ya kuma kama ba. A nemo haƙorin, a riƙe shi ta kansa, wato farin da ake gani a baki, kada a taɓa saiwar. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan da madara ko ruwan gishiri na asibiti, kada a kankare, kada a sa sabulu ko toka ko goge shi da tsumma, saboda a jikin saiwar akwai ƙwayoyin halitta masu rai waɗanda su ne za su sa ya kama. In yaron yana cikin hayyacinsa, a mayar da haƙorin gurbinsa nan take, ya cije tsumma mai tsabta a kai. Mintuna 15 zuwa 20 na farko su ne mafi daraja, haƙorin da ya yi awa guda a bushe da wuya ya kama yadda ake so.

In ba a iya mayarwa ba, a saka shi a cikin madara, ko yaron ya tofa yawunsa a ƙaramin kofi a saka a ciki. Amma ban da nono mai tsami ko kindirmo, domin tsami yana kashe ƙwayoyin saiwar, haka ma jiƙa shi a ruwa zalla. Kada a naɗe shi a takarda a sa a aljihu. Wannan duka ya shafi haƙorin dindindin ne. Haƙorin ƙaramin yaro da bai yi famfara ba ba a mayar da shi, don kada a lalata wanda ke tasowa a ƙarƙashinsa. In kuma ɓallewa ya yi, a tafi da guntun, likita na iya manna shi.

Daga nan a nufi asibitin da ke da sashen haƙori ba tare da jiran gari ya waye ba. Mutanen Dutse da kewaye suna da Asibitin Rasheed Shekoni, na yankin Birnin Kudu da Buji da Gwaram suna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, raunin da ya haɗa da karayar muƙamuƙi kuma ana iya tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Kano. Likita zai ɗaure haƙorin da na kusa da shi na wajen mako biyu, ya duba ko ana buƙatar allurar rigakafin sarƙewar haƙora tun da raunin ya taɓa ƙasa, ya kuma sa ranar dawowa. Haƙorin da aka buga bai fita ba shi ma a kai a duba, domin yakan mutu a hankali, sai bayan watanni a ga ya yi baƙi ko dasashi ya kumbura.